Daminar da Fulani Suka Ƙwace Gonarmu

Bana ruwa ya sauka da wuri. Daga ƙofar gidan 'yata a nan Kazaure, inda tsufa ya ajiye ni, ina hango duwatsu sun yi kore shar. Da safe matasa kan wuce a kan mashin, kowa goye da tankin feshi. Haka ake noman fari yanzu, a fesa wa ciyawa magani a dawo gida kafin hantsi. Ba na kushewa, gadon bayan da ya huta ai ya huta. Shekaranjiya ina zaune da rediyo a gefena, sai ga wani ɗan adawa yana ta kumfar baki: matasa ba aikin yi, bankuna ba sa kallon talaka, a fito a faɗa wa jama'a inda dukiyarsu take shiga. Na yi dariya har 'yata ta leƙo ta ce, "Hajiya, lafiya?" Na ce, "Lafiya lau. Muryar ubanki na ji a bakin wani."

Sunansa Bukar. Sai yanzu da ya daɗe a ƙasa nake iya faɗar sunan, a lokacin Malam nake ce masa. Mu Barebari ne, irin waɗanda kakanninsu suka taho daga gabas da fataucin kanwa, suka yada zango a wani ƙauye a ƙasar Roni, suka manta hanyar komawa. Yaren ma ya gudu ya bar mu, sai dai a bakin uwarsa, Iya Falmata, in ranta ya ɓaci. Da rani Malam kan kora jakuna zuwa Babura ya saro kanwa da gishirin manda, da damina ya kama fartanya. Ba shi da wani mugun hali, Allah ya jiƙansa, sai baki. In ya ga abu a karkace, ko a gidan surukansa ne sai ya faɗa.

Ba a daɗe da sauke tutar Turawa ba. An ce mana mun samu mulkin kai, mu dai a ƙauye ba mu ga abin da ya sauya ba, in ban da masu karɓar haraji da suka ƙara ƙiba. Malam ya shiga jam'iyyar hamayya, ya shiga da ƙafa biyu. Ranar kasuwa sai ya hau kan wani kututture a gindin tsamiya ya yi lacca. Ni ban taɓa zuwa ba, matar aure ba ta cin kasuwa, amma ban rasa komai ba, don a kaina yake gwada laccar tun a gida, ina tuƙa tuwo yana yi.

"Yaran da aka kwashe mana aka kai makaranta sun gama, ina aikin?" Haka zai ce, yana nuna ni da yatsa kamar ni na hana su. "Ga su nan a bakin tasha, ba su ga gona ba su ga ofis. An ce an buɗe banki a birni ana ba manoma rance. Wa ya gani a cikinku? Sai mai katin jam'iyyar gwamnati. Haraji duk shekara, jangalin shanu duk shekara, ina rijiyar? Ina ɗakin shan maganin? A zo nan gindin tsamiya a faɗa mana inda suka shiga!"

Nakan ce, "Malam, baki fa shi ke yanka wuya."

Ya ce, "Ciki da gaskiya wuƙa ba ta huda shi."

Na ce, "Wuƙa ba ta huda shi, amma yunwa tana shigarsa."

A waccan shekarar ma ruwa ya zo da wuri. Muka yi shuka a babbar gonarmu da ke gindin dutse, Malam yana sara da sungumi, ni da Iya muna bi muna zuba iri muna takewa. Gero ya tsiro reras, gwanin sha'awa. Yana cikin wasa fartanyarsa don noman fari kasuwa ta zagayo, ya ce bari ya je ya dawo. Bai dawo ba. 'Yan doka suka sauke shi daga kan kututturen, aka ce ya yi lacca ba izini, alƙali ya ɗaure shi har bayan kaka, aka wuce da shi birni. Wani maƙwabcinmu ne ya kawo mana hularsa, ya miƙa wa Iya daga bakin zaure, ko zama bai yi ba.

Na yi kuka, ba zan ɓoye ba, amma rabin kukan na haushi ne. Ga ni da goyo, wannan 'yar tawa da nake zaune a gidanta yanzu ko zama ba ta fara ba. Ga tsohuwa. Ga gonar da ƙarti uku za su kwana biyu ba su ga ƙarshenta ba. Ga rumbu, wanda tun bara bai cika ba, sai na shiga ciki gaba ɗaya nake taɓo dami.

Ciyawa kuwa ba ta san an ɗaure kowa ba. Ruwa ya riƙa sauka ba fashi, in ya ɗauke rana ta buɗe, ƙasa ta yi ta tururi, kana tsaye kana jin ƙamshin ɗanyen ganye yana hawa kanka. Harƙiya da ƙarangiya suka taso suka rufe geron, har ya fara yin ɗorawa-ɗorawa saboda rashin iska. Ni da Iya muka ɗauki fartanya. Mukan fita da sassafe, raɓa ta jiƙa mu har gwiwa, in kwantar da yarinya a inuwar gawo in sunkuya. Kafin azahar tafin hannuna ya yi bororo ya fashe, gumi yana shiga yana zafi. Abin da ya fi karya mini zuciya shi ne in na waiwaya, inda muka nome makon jiya ya soma tofowa. A gida kuma mun koma kunu da safe, da yamma tafasa ko rama da ɗan barbaɗen gari. Nonona ya fara janyewa, yarinya ta kama ta saki ta tsala ihu.

Wata rana muna dawowa Iya ta ce, "Gayya za mu kira."

Ga wanda bai tarar ba, gayya ita ce mai gona ya raba goro gida gida, a sa rana, ƙartin gari su taru da makaɗa su nome masa gonar a yini ɗaya, shi kuma ya ciyar da su har su ture. Ba a biyan kowa. Amma duk wanda ya karɓi goron gayya, to ya ɗaure kansa, ko gonarsa na cin wuta sai ya zo.

Na ce, "Iya, da me za mu ciyar da su? Abin da ya rage a rumbu in muka lallaɓa shi da ganye, da ƙyar ya kai mu lokacin tumu. In muka dafa wa gayya, yini ɗaya ya tafi."

Ta ce, "In muka lallaɓa shi mun ci damina. Da kaka me za mu ci? Ƙarangiya?"

Iya ta sayar da tunkiyarta ta sayo goro, ta ɗauki sandarta ta bi gari. Ba wanda ya iya kallon idon tsohuwa ya ce a'a, kowa ya karɓa, Sarkin Noma ya sa rana. Ana gobe gayya na share rumbun nan tas, har da tsintsiya. Na sussuka, na surfa, na wanke, na daka. Na kirɓa fura ƙwarya ƙwarya, da asuba na tuƙa tuwo a tukwanen aro, na yi miyar kuka da ta ji daddawa. Tun da aka tafi da Malam gidanmu bai yi ƙamshi irin na ranar ba.

Gari na wayewa goro ya fara dawowa. Ashe jiya da la'asar, muna can muna fama da turmi, Dagaci ya sa an yi shela cewa duk wanda ya taimaki gidan ɗan hamayya da noma, to ya kuka da kansa. Ba namijin da ya iya kawowa da hannunsa. Tsofaffin mata aka riƙa aikowa, kowace da goro ƙunshe a ganye, ta ajiye a gaban Iya ta ce, "An ce a ba ki haƙuri," ta juya da sauri. Tun da nake ban taɓa jin an mayar da goron gayya ba, Iya ma da shekarunta ta ce ba ta taɓa ji ba. Ban zage su ba, ko a zuci. Sun ga gemun ɗan'uwansu ya kama wuta, kowa kuma da nasa bakunan da yake ciyarwa. Na dai zauna a tsakar gida ina kallon tukwanen tuwo.

Ana cikin haka sai ga sallamar Inna Dudu. Bafillatana ce daga rugar da ke bayan dutse, matar Arɗo Sambo, ita ke kawo mana tallan nono. Tsakanin Fulani da Barebari akwai wasa tun kaka da kakanni, kowa yana cewa ɗaya bawansa ne. A zagi juna, a ƙwace wa juna abu, kuma abin kunya ne babba mutum ya yi fushi ko wani ya shiga tsakani. Ita da Iya kuwa ba sa haɗuwa ba a yi ba.

Ta sauke ƙwaryarta ta ce, "Ina bayin gidan nan? Yau kuma bikin me ake, ba a sanar da iyayen gida ba?"

Iya ta ce, "Fulata, yau ba ni da bakin wasa."

Inna Dudu ta dubi tukwane, ta dubi tulin goron da ke kan faifai, ta dube ni. Sai kawai ta sunkuya ta juye goron nan kaf a gefen zanenta ta ƙulle.

Raina ya ɓaci, na manta da girmanta. Na ce, "Haba Inna! Yau ma? Ba ki ga halin da muke ciki ba?"

Ta ce, "Ji 'yar baiwa da baki. Abin bawa ai na ubangijinsa ne."

Iya ta ɗago kai ta ce, "Kin san ko goron mene ne kika ɗauka?"

Ta ce, "Na sani mana. Goron banza, na ci bulus." Ta ɗora ƙwaryarta a ka ta fice, ko nonon ba ta tsaya sayarwa ba.

Ni dai na ce shi ke nan, mun yi biyu babu. Amma Iya ta miƙe ta ɗaure ɗamara ta ce in ɗauki abinci mu tafi gona. Na ce wa za mu kai wa? Ta ce abincin gayya a gona ake cinsa, ko tsuntsaye ne su ci a can. Muka yi ta jigila muna kaiwa gindin gawo. Hanyar gonar ta ratsa gari, ko'ina tsit, ba ganga ba guɗa, kowa ya shige gida don kada mu haɗa ido.

Hantsi ya ɗaga, inuwa ta fara tsukewa, ƙudaje suna bin faifan da na rufe tuwo. Na ɗauki fartanya na sunkuya don kada Iya ta ga idona. Can sai na ji hayaniya daga wajen dutse. Na ɗago, sai ga su suna gangarowa a jere kamar yadda shanunsu ke yi, maza da malafuna, mata a baya. Wasu da fartanya, wasu da guntuwar hauya, wani ma da lauje. Arɗo Sambo ne a gaba, dogo siriri, yana tauna goro, bakinsa ja wur.

Ya tsaya a kan iyaka ya ce, "Ina tsohuwar baiwar nan mai zanen Barebari a fuska kamar an yi huɗa? Mun ji bawanmu ya tafi yawon surutu ya bar gona. To mun zo mu ƙwace abinmu."

Iya ta ce, "Ku ƙwata mana. Dama yaushe Bafillace ya san gero in ba a cikin fura ba?"

Suka shiga. Gaskiya ɗaya ce, noman ba kyau. Mutanen da suka saba da 'yar gonar bayan ruga, yau ga su a fili. Wani ya sare ciyawa ya haɗa da gero, wani ya bar kunya ya faɗa ta maƙwabcinsa. Iya tana bin su da sanda tana zagi, rabi da Hausa rabi da Barbarci, suna ramawa da Fillanci, ana ta shewa. Ba makaɗi, sai wata yarinyarsu ta kifa ƙwarya tana bugawa. Ni kuwa ina rarraba fura, ina dariya hawaye na zuba.

Rana ta take tsaka sai ga wakilin Dagaci a kan keke. Ya jingine shi ya ce, "Arɗo, ba ku ji shela ba? An hana kowa taimakon gidan nan."

Arɗo ko miƙewa bai yi sosai ba. Ya ce, "Wa ya ce maka taimako muka zo? Ƙwace muka zo, tsakaninmu ne da bayinmu. Dagaci ai Bafillace ne, ya san wannan tun yana tsumma. Je ka ce masa in yana son rabonsa, ga fartanya."

Wakili ya juya wajen kekensa. Ya san in ya matsa, gobe a kasuwa za a ce Dagaci ya shiga tsakanin abokan wasa, abin da ko yaro ba ya yi. Ya hau kekensa. Amma kafin ya taka ya ce, "To, Allah ya kai mu lokacin jangali." Na ji maganar, ban ɗauke ta a bakin komai ba, hankalina yana kan gona.

Kafin la'asar sakaliya sun fita ƙarshenta. Suka cinye tuwon nan tas, suka ce miyar Barebari ba gishiri, kanwa ce zalla. Na tsaya na dubi gonar. Ƙasa ta yi baƙi, ciyawa a kwance tana yaushi, gero a tsaye iska na kaɗa shi. Daɗi ya cika ni, sai kuma na tuna rumbu ba ko ƙwaya.

Washegari da safe na ji kukan saniya a ƙofar gida. Inna Dudu ce riƙe da igiyar wata farar saniya, ɗan maraƙinta na biye. Ta ɗaure ta a turken jaki ta ce, "Ga aiki na kawo miki, 'yar baiwa. Ki yi mata ciyawa, ki tatsa. In ta rame sai na sayar da ke." Ta tsuguna ta koya mini tatsa, tana dungure mini kai in na ja ba daidai ba.

Saniyar nan ita ta fitar da mu marka. Ba na ce mun ƙoshi ba. An yi kwanakin da ruwa ke wuni yana zuba, itace ya jiƙe, hayaƙi ya cika ɗaki, ba abin da ke tukunya sai ganyen yaɗiya. Amma akwai madara da safe, in kaɗa in fitar da ɗan mai Iya ta kai a musanya mana da tsaba. Nonona ya dawo, yarinya ta yi kumatu. Noman maimai ni da Iya muka yi abinmu a hankali, don ciyawar ta riga ta karaya. Gero ya yi ciki, ya fitar da kai, ya yi bununi. Ranar da na gasa tumun farko na murza a tafin hannu, ban iya ci ba sai da na kai wa Iya ta fara.

Bayan an gama girbi aka sako Malam. Ya dawo a rame, kansa a aske, ƙafafunsa a kumbure. Ya tarar da rumbu ya kusa cika. Na ba shi labari tun daga goro har saniya, yana ji yana share ido da hannun riga. Ni kuwa na riga na shirya maganata: zan sa shi ya rantse ya bar lacca har abada, in ya ƙi in tafi gidanmu. Na bari sai mun mayar da saniya tukuna.

Muka tafi rugar da hantsi, shi da damin gero biyu a kan jaki, ni da igiyar saniya. Muna zagaya dutse na ga ya rage tafiya. Ni ban san garken Arɗo ba, shi ya sani, don shi ke kai musu kanwa. Garken da ke cika fili, yanzu ga shi tsiraru. Igiyar da suke ɗaure maruƙa a jere, fiye da rabin madaukanta a kwance suke a ƙasa ba kowa.

Bayan an gaisa Malam ya ce, "Arɗo, ina shanun?"

Ya ce, "Jangali. Bana idon mai ƙirga ya yi kaifi, har waɗanda ba a haifa ba ya gani. Sai da muka kai wasu kasuwa."

Na dubi Inna Dudu. Duk daminar nan tana zuwa gidanmu tana tsokanata, tana duba haƙarƙarin saniyarta, ba ta taɓa ce mini uffan ba. Ashe cikin 'yan masu nonon da suka rage musu ne ta bar mini ɗaya. Ta harare ni ta ce, "Kallon me kike yi? Kawo igiyar, kin ramar mini da ita."

Malam ya durƙusa zai yi godiya, bakin nan nasa da ba ya gajiya ya kasa haɗa kalma biyu. Arɗo ya ce, "Tashi, tashi. Yaushe bawa ya fara yi wa ubangijinsa godiya? Sauke mana geronmu." Ya bari sai da aka sauke, sannan ya rage murya. "Wai za ka koma surutun nan naka a kasuwa?"

Malam ya waiwayo ya dube ni, ya san abin da ke cikina.

Arɗo ya ce, "In za ka koma, ka riƙa ɗaga murya. Mu can baya muke tsayawa wajen turakun shanu, ba ma ji sosai."

Muka kamo hanyar gida, jaki a gaba. Maganar da na shirya tana bakina har muka shiga gari, ban faɗe ta ba. Ana gobe kasuwa na ɗauko farar rigarsa ta lacca daga ƙasan adaka, na wanke, na shanya a kan danga.